Wane littafin ibadar kullum ne zai shigar da kai cikin Littafi Mai Tsarki? Na auna guda bakwai

Na taɓa yin shekara guda cur ban tsallake karatun safe ba. Littafin ibada yana gefen gado, ina farkawa in karanta ayar da ke saman shafi, in bi bayanin da ke ƙasa, in yi addu'a, in fita harkokina. Wajen ƙarshen shekarar sai wata ƙanwata a cikin bangaskiya ta ji ni ina ambaton maganar Habakuk a addu'a, inda yake cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, shi zai yi murna da Ubangiji. Da muka tashi ta ce, "Yaya, me ya sami annabin nan ne har ya faɗi haka?" Na buɗe baki, na rasa abin cewa. Surori 3 ne kacal a littafin, kuma ban taɓa zama na karance su ba. Ban san Kaldiyawa ne ke tafe da yaƙi ba, ban san annabin ya fara ne da kai ƙara wurin Allah ba. Ranar na ji kunya ƙwarai, kuma tun daga ranar na canza yadda nake zaɓen irin waɗannan littattafai.

Idan kana tsaye tsakanin biyu ko uku ka rasa wanda za ka ɗauka, ga yadda nake auna su, ga kuma abin da na gani a cikin guda bakwai da suka yi suna a duniya.

Abin da nake dubawa

Na farko, Nassi nawa littafin yake sa ka karanta da idonka? Lissafin nan yana da sauƙi. Littafi Mai Tsarki yana da surori 1,189 da ayoyi sama da 31,000. Wanda yake karanta aya ɗaya kullum, a shekara ya karanta 365, wato kashi ɗaya da ɗan ɗori cikin ɗari. Sauran abin da ya shiga zuciyarsa maganar marubucin ne. Waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na biyu shi ne ya fi muhimmanci a wurina: marubucin yana bin ma'anar ayar a inda aka ajiye ta, ko kuwa yana ɗauke ta ne ya rataya nasa tunanin a kai? Akwai gwajin da kowa zai iya yi kafin ya fitar da kuɗi. Buɗe littafin a kwana uku dabam dabam, ka rufe bayanin da tafin hannu, ka je ka karanta dukan surar da ayar ta fito. Sannan ka ɗaga hannu. Idan bayanin ya ƙara maka fahimtar surar, ka sami abin kirki. Idan kuwa za a iya cire ayar a sa wata ba tare da bayanin ya canza ba, to ado kawai aka yi da ita. Ayoyi biyu sun fi tona wannan asiri. Irmiya 29:11, mai maganar shirin alheri da Allah yake da shi, wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta zuwa Babila, kuma aya ta 10 ta gaya musu sai sun yi shekara 70 a can. Filibiyawa 4:13 kuma, "zan iya yin kome", Bulus ya rubuta ta ne yana ɗaure, yana maganar yadda ya koyi zama da yunwa da ƙoshi. Marubucin da ya mai da waɗannan alkawarin cin jarrabawa ko ƙarin girma a wurin aiki, ka yi hattara da sauran shafukansa.

Na uku, faɗin filin da yake kai ka. Yawancin littattafan nan suna zagaye ne a ayoyin ta'aziyya na Ishaya, Zabura da Yahaya. Littafin Firistoci, Littafin Mahukunta, Zabura 88 da ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar sauƙi ba, su ma maganar Allah ce.

Bayan waɗannan sai abubuwan yau da kullum: kuɗi, sauƙin harshe ga wanda Turanci ba harshen uwarsa ba ne, ko littafin zai jure a sake karanta shi shekara bayan shekara, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

Our Daily Bread

Wannan ɗan ƙaramin littafi ya fara fitowa a 1956 daga wata hidimar rediyo a Grand Rapids ta jihar Mishigan a Amurka, wadda M. R. DeHaan ya kafa. Marubuta da yawa ne ke rubuta shi, ana raba shi kyauta, yana intanet da manhajar waya, an kuma fassara shi zuwa harsuna masu yawa. Kowace rana akwai ɗan sashen Nassi da aka ce ka karanta, sai labari, sai darasi, sai gajeriyar addu'a, da jerin surorin da za su kai ka ƙarshen Littafi Mai Tsarki a shekara in ka bi su.

Koyarwarsa tsabtatacciya ce, da wuya ka ci karo da abin da zai ɓatar da kai. Harshensa ya fi na sauran duka sauƙi. Rauninsa shi ne labarin yakan ci fiye da rabin shafi, kuma yau kana Markus, gobe kana Karin Magana, jibi kana Ishaya, babu zaren da ya haɗa su. Mutane da yawa, har da ni a dā, sukan tsallake sashen Nassin su tafi kai tsaye wurin labarin. Kuma da yake na wasu watanni ne, idan lokacinsa ya wuce sai a ajiye shi a jira sabo.

Streams in the Desert

Lettie Cowman da mijinta Charles sun tafi aikin bishara Japan a 1901. Da lafiyarsa ta karye suka koma Amurka, ta yi jinyarsa kimanin shekara 6 har ya rasu a 1924. Abubuwan da ta riƙa tattarawa don ta riƙe zuciyarta a waɗannan shekaru, wa'azin wasu, waƙoƙi, guntayen rubutu, su ne suka zama littafin da ya fito a 1925. Sunansa daga Ishaya 35 yake, inda rafuffuka ke ɓullowa a hamada.

Wannan tarihi shi ne ƙarfinsa. Wanda ya rasa wani, ko yake zaune kusa da gadon marar lafiya, zai ji cewa mai maganar ta san wurin. Ranar 1 ga Janairu ta fara da Maimaitawar Shari'a 11, ƙasar tuddai da kwaruruka wadda idon Ubangiji yake kanta daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, kuma a wannan hanyar littafin ya ci gaba. Amma ba littafin bayanin Nassi ba ne. Kusan jigo ɗaya yake juyawa, wato wahala da jira da dogara ga Allah, kuma da yake daga bakin mutane da yawa aka tattaro shi, wani shafin ya fi wani nauyi. Ina ɗaukarsa kamar magani, akwai lokacin shansa.

Jesus Calling

A nan zan ɗan daɗe, domin shi ne wanda aka fi tambayata a kai. Sarah Young, wadda ta yi aikin bishara a Japan da Ostareliya kuma ta rasu a 2023, ta fitar da shi a 2004, an sayar da miliyoyi. An rubuta kowane shafi kamar Yesu ne da kansa yake yi maka magana, "ni" a littafin Yesu ne, "kai" kuma mai karatu. Ayoyin da aka dogara da su suna can ƙasan shafi.

Na san mutanen da suka ce wannan littafi ne ya dawo da su ga addu'a bayan sun yi sanyi, kuma ba na raina shaidarsu. Ita ma marubuciyar ta faɗa cewa rubutunta ba hurarre ba ne kamar Nassi. Duk da haka abu biyu suna damuna. Idan mutum ya yi kwana 365 yana karanta kalmomin ɗan Adam a bakin Ubangijinsa, a hankali bambanci tsakanin abin da Yesu ya faɗa da abin da aka sa masa a baki yakan dushe, musamman ga sabon mai bi da bai san Linjila sosai ba. Na biyu, muryar da ke cikin littafin kusan kullum lallashi take yi: ka huta, kada ka damu, ka dogara. Yesun Matiyu da Luka yana faɗin waɗannan, amma shi ne kuma ya ce a ɗauki gicciye, ya tsauta wa Bitrus, ya yi wa ikilisiyoyi bakwai gargaɗi a Wahayin Yahaya. Idan ka yi masa gwajin tafin hannu, sau da yawa za ka ga ayoyin ƙasa suna goyon bayan jigon ranar, amma ba a buɗe maka su ba. Ta fuskar zurfin Nassi, shi ne na ƙasa a cikin bakwai ɗin nan, kuma ba zan ba sabon tuba shi ya zama abin karatunsa na farko ba.

My Utmost for His Highest

Oswald Chambers bai zauna ya rubuta wannan littafi ba. Ya koyar a wata makarantar horar da masu bishara a Landan daga 1911 zuwa 1915, sannan ya tafi Masar yana hidima a tsakanin sojoji lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1917 bayan tiyata, yana da shekara 43. Matarsa, wadda yake kira Biddy, ƙwararriya ce a rubutun gaggawa, ta riƙa ɗaukar jawabansa kalma bayan kalma. Daga waɗannan takardu ta tsara littafin da ya fito a 1927.

Ba shi da lallashi ko kaɗan. Shafin farko ya ɗauki Filibiyawa 1:20 ya tambaye ka ko ka miƙa wa Allah nufinka gaba ɗaya, kuma haka zai riƙa matsa maka har Disamba. Akwai safiyar da jimla ɗaya tasa za ta bi ka har dare. Sai dai a lura da yadda aka haɗa shi: guntayen jawabai ne aka yanko aka ɗora wa kowanne aya a sama, don haka wani lokaci Chambers yana tafiya da tunaninsa, ayar tana baya. Zurfinsa na binciken zuciya ne fiye da na bayanin sura. Turancin asalin yana da nauyi, amma akwai bugun da James Reimann ya sauƙaƙa a 1992, kuma ana samun karatun kowace rana kyauta a intanet. Haɗarinsa ga mai raunin lamiri ne, wanda dama yana ganin bai isa ba a gaban Allah. Irin wannan mutum zai iya fitowa da kaya a ka maimakon hutu.

Morning and Evening

Charles Spurgeon, mai wa'azin Baftis na Landan da ya rasu a 1892, ya rubuta karatun safe da na yamma a matsayin littattafai biyu a shekarun 1860, daga baya aka haɗa su. Karatu biyu ne kowace rana, sama da 700 ke nan. Ya zama na kowa yanzu, yana intanet kyauta, kuma akwai bugun da Alistair Begg ya sabunta harshensa.

Ina son littafin nan, kuma zan faɗi laifinsa. Spurgeon yakan ɗauki rabin aya, wani lokaci kalmomi huɗu ko biyar, ya gina wa'azi a kai. Safiyar 1 ga Janairu ya ɗauki Joshuwa 5:12, inda Isra'ilawa suka ci amfanin ƙasar Kan'ana a shekarar da manna ta daina sauka, ya ce wa mai karatu wataƙila bana ce shekarar da zai shiga hutunsa na sama. Da yamma kuma ya koma Waƙar Waƙoƙi, wadda kusan kullum yake karanta ta a matsayin ƙauna tsakanin Almasihu da ikilisiya. Ɗalibin tauhidi zai ce ba haka ake fassara ba, kuma wani lokacin yana da gaskiya. Amma mutumin nan Nassi ya jiƙa shi har ƙashi. A shafi ɗaya zai taɓo Farawa, Zabura da Ibraniyawa ba tare da ya ambaci lamba ba, kuma ko daga ina ya tashi, a wurin gicciye yake sauka. Ko da ya kauce wa ma'anar ayar da ke sama, abin da ya faɗa koyarwar Littafi Mai Tsarki ce daga wani wuri. Ka koyi bishara a wurinsa, amma kada ka koyi yanko aya. Tsohon Turancinsa zai wahalar da mai koyo, don haka sabon bugun ya fi.

The Songs of Jesus

Tim Keller da matarsa Kathy suka fitar da shi a 2015. Yana bi da kai cikin Zabura 150 duka a shekara guda, daga ta farko zuwa ta ƙarshe, an buga Nassin a kan shafin, sai ɗan gajeren bayani, sai addu'a. Da yake bi da bi ake tafiya, babu damar tsallake zaburar da ke roƙon hukunci a kan maƙiya ko wadda ke kuka babu amsa. Bayanin gajere ne har wani lokaci za ka so a ƙara, kuma Zabura ɗaya ce kawai cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki. Saya ake yi. A ganina shi ne ya fi daidaita sauƙi da aminci ga Nassi.

For the Love of God

Wannan na D. A. Carson ne, malamin Sabon Alkawari, juzu'i biyu, 1998 da 1999. Ya gina shi a kan tsarin karatun da Robert Murray M'Cheyne, wani matashin fasto a Dandi ta Sikotilan, ya shirya wa ikilisiyarsa a 1842, 'yan watanni kafin ya rasu yana da shekara 29. Tsarin yana ba ka wajen surori 4 kowace rana, a shekara ka gama Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Ranar farko: Farawa 1, Matiyu 1, Ezra 1, Ayyukan Manzanni 1, mafari huɗu a zama ɗaya. Carson yakan ɗauki ɗaya daga cikin surorin ranar ya yi bayanin shafi guda, yana nuna inda ta zauna a cikin dukan labarin ceto.

A nan littafin ne yake bin Nassi a baya, kuma in ba ka karanta surar ba bayanin ba zai yi maka amfani ba. Ta fuskar zurfi babu na biyunsa a wannan jeri. Farashinsa na gaske lokaci ne: minti 20 zuwa 30 kullum, kuma wanda ya yi kwana goma bai karanta ba zai tarar da surori 40 suna jiransa, a nan ne da yawa suke sarewa. Mafita ita ce a raba shi shekara biyu, surori 2 a rana, juzu'i ɗaya kowace shekara. Sannu ba ta hana zuwa. Muryarsa ta malami ce, babu labarai, babu addu'ar da aka rubuta maka, kai ne za ka mai da abin da ka koya ya zama addu'a. Ana samunsa kyauta a intanet, bugun takarda kuma saya ake yi.

| Littafi | Nassin da za ka karanta | Zurfi | Harshe | Kuɗi | Maimaitawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Our Daily Bread | ɗan sashe | kaɗan | mai sauƙi ƙwarai | kyauta | na 'yan watanni | labari ya rufe Nassi |
| Streams in the Desert | aya 1 ko 2 | kaɗan zuwa matsakaici | tsoho | akwai a intanet | lokacin wahala | jigo ɗaya |
| Jesus Calling | ayoyin ƙasan shafi | kaɗan | mai sauƙi | saya | ba na ba da shawara | rikita muryar Yesu da ta marubuci |
| My Utmost | aya 1 | mai yawa a kan zuciya | mai nauyi | akwai a intanet | shekaru | nauyi ga mai raunin lamiri |
| Morning and Evening | aya 2 a rana | mai yawa a koyarwa | tsoho | kyauta | shekaru | yanko aya |
| The Songs of Jesus | dukan Zabura | matsakaici zuwa mai yawa | mai sauƙi | saya | shekaru | Zabura kaɗai |
| For the Love of God | dukan Littafi Mai Tsarki | mafi yawa | na malami | akwai a intanet | shekaru | sarewa a hanya |

Wanne ne naka?

Idan yanzu ka ba da gaskiya, ko kana so ka kafa al'adar karatu da ba ka taɓa samu ba, fara da Our Daily Bread, da sharaɗi ɗaya: sashen Nassin da aka nuna shi ne farko, kuma ka karanta shi daga Littafi Mai Tsarki naka, ka ƙara da ayoyin da ke gabansa da bayansa. Bayan wata shida ka matsa gaba.

Idan kana cikin makoki ko jinya, kuma surori 4 sun fi ƙarfinka a yanzu, ɗauki Streams in the Desert ba tare da jin laifi ba. In za ka iya, haɗa shi da The Songs of Jesus, domin Zabura za ta ba ka kalmomin kuka da Allah da kansa ya yarda a yi masa.

Wanda ya daɗe cikin bangaskiya har ya fara sanyi, yana hidima amma zuciyar ta yi nisa, Chambers ne nasa. Wanda kuwa laifi ya riga ya danne shi, yana shakkar ko Allah ya karɓe shi, ya bar Chambers tukuna ya je wurin Spurgeon.

Iyali da ke karatu tare da yara za su fi jin daɗin Zabura ta Keller, domin gajere ne kuma ana iya karanta Nassin da murya, kowa ya ɗauki aya.

Mai wa'azi, malamin makarantar Lahadi, mai jagorar ƙungiyar nazari, da duk wanda aka taɓa yi wa irin tambayar da ƙanwata ta yi mini ya rasa amsa, Carson zai ɗauka, a kan tsarin shekara biyu. Idan kuma Jesus Calling yana hannunka kana ƙaunarsa, ba na ce ka jefar ba. Juya tsarin shafin: fara da ayoyin da ke ƙasa, karanta surorinsu duka, sannan ka hau sama ka ga ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ka karanta.